Kafet ɗin ɗakin wasa ya yi tabo yana wari: a wanke ko a yaye?

"Assalamu alaikum. Muna zaune a Unguwar Dosa, nan cikin Kaduna. Shekara uku da suka wuce maigida ya mayar da garejinmu ɗakin wasa, don samarin gidan su rage zaryar gidan gem da gidan kallon ƙwallo. Aka toshe ƙofar motar da bulo, aka shimfiɗa kafet bango zuwa bango, aka sa teburin sinuka da talabijin da PlayStation. Yanzu kafet ɗin ya zama abin kunya. Ga tabon zoɓo, ga na manja, autana ya taɓa yin fitsari a kusurwa, sannan akwai wani baƙi-baƙi a gindin bangon da ke kallon waje wanda ban san daga ina ya fito ba. Na wanke da omo da buroshi har sau uku, sai ya ɓace, bayan kwana biyu ya dawo. Da damina kuwa warin ba a magana. Maigida ya ce a yaye a sa tayil, ni kuma ina ganin ɓarnar kuɗi ce. Akwai yadda za a ceto shi? In babu, me ya fi dacewa a sa? Ɗakin ƙafa 14 ne da 20."

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya zuri'a, ya kuma saka wa Alhaji da alheri, don wanda ya yi wa samari wurin zama a cikin gida ya yi dabara.

In na fahimce ki, kina son sanin abu biyu: ko kafet ɗin zai wanku, da kuma abin da za a shimfiɗa in bai wanku ba. To amma a cikin tabo huɗun da kika lissafa, uku daga sama suka zubo, ɗaya kuma ina kyautata zaton daga ƙasa yake tasowa. Zoɓo da manja da fitsari ba su isa su sa a yar da kafet mai shekara uku ba. Wancan baƙin na gindin bango, wanda kika ambata a ƙarshe kamar ba komai ba, shi ne zai yanke hukunci tsakaninki da Alhaji. Kuma in abin da nake zato ne, ko tayil ɗin da yake so ba zai raba ku da wari ba sai an fara tare ruwan. Na daɗe ina aikin daɓe da shimfiɗa a garin nan, kuma ɗakin da aka yi daga gareji ya sha ba ni irin wannan labarin.

Dalilin da tabon ke dawowa

Kafet na bango zuwa bango hawa uku ne: gashin da ake takawa, da bayansa mai tauri wanda aka haɗa da gam, sai kuma soson da ake sawa a ƙarƙashi in an sa. Kofin zoɓo in ya kife, kaɗan ne ke tsayawa a gashin. Sauran yana ratsawa ya kwanta a ƙasa, ya bazu har ya fi faɗin abin da ido ke gani. Da kika zo da bokiti da omo, kin wanke na saman tas, amma kin kuma jiƙa na ƙasan kin narkar da shi. Kafet kuwa daga sama yake bushewa, sai gashin ya riƙa jawo ruwan ƙasa zuwa sama kamar yadda lagwani ke jan kananzir a fitilar ƙwai. Ruwan ya tashi ya bi iska, launin ya zauna a bakin gashi. Shi ya sa kike ganinsa bayan kwana biyu, ba wai aljanu ke mayar da shi ba.

Na biyu kuma omon ne da kansa. An yi shi ne don tufafin da za a ɗauraye a ruwa biyu ko uku a matse. Kafet ɗin da ke manne da ƙasa ba ya samun wannan ɗaurayar, don haka sabulun yana bushewa a ciki ya zama danƙo, duk ƙurar da ƙafa ta kwaso sai ta manne a wurin. A garin da jar ƙasa ke bin takalmi da damina, ƙura kuma ke shigowa ta kowace kafa daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wurin da aka fi wankewa shi ke fara yin dauɗa. Buroshi kuma yana warware murɗin gashin, wurin ya yi buzu-buzu, ko tabon ya fita sai ki ga haskensa ya bambanta da sauran. Kafet ba ya son dirza, dannawa yake so.

Kafin ki zuba masa komai, ki san irin zarensa. Ki tsinko gashi kaɗan daga kusurwar da ba a gani, ki riƙe da cokali mai yatsu ki kanga masa ashana a tsakar gida. In ya yi ƙaurin gashin kai ya zama toka mai murmushewa, ulu ne, kuma da wuya ya kasance shi. In ya narke ya dunƙule ya yi tauri, roba ce. Sai ki jefa wani ɗan gashin a kofin ruwa mai ɗigon sabulu, ki danna shi ƙasa. In ya taso yana yawo a sama, irin robar nan ce da ake kira folifirofilin, wadda ita ce mafi yawan kafet mai sauƙin kuɗi a kasuwanninmu. In ya nutse, nailan ne ko foliyesta. Amfanin sanin shi ne, folifirofilin launinsa a cikin zaren yake tun daga masana'anta, ba ya jin tsoron ruwa kuma bai cika kama rini ba, amma yana shan mai kamar me. Nailan kuwa zoɓo na iya rina shi, kuma Hypo ko Jik na cinye masa launi nan take. Ulu ma narkewa yake yi a cikinsu.

Zoɓo, manja, fitsari

Na zoɓo ya fi ban sha'awa. Duk macen da ta taɓa jefa 'yar kanwa a tukunyar zoɓo don rage tsami ta ga yadda jan ke komawa duhu. Launin zoɓo haka yake: tsami na riƙe shi ja, abu mai kanwa-kanwa na juya shi shuɗi-shuɗi ko toka-toka. Omo kuwa ɓangaren kanwa yake. Ina jin tabon naki yanzu ba ja ba ne, ya koma wani launin ƙasa mai duhu. Ki fara da ɗauraye sabulun da ya taru: ruwan ɗumi zalla a robar fesawa, ki fesa kaɗan, ki ɗora farin tawul ki danna da dunduniya, ki sauya wuri, har tawul ya daina kwaso kumfa. Daga nan ki haɗa farar finiga kashi ɗaya da ruwa kashi biyu, ki fesa, ki bar shi minti goma, ki sake dannawa. Daga gefen tabon ake farawa a nufi tsakiya, don kada ya ƙara faɗi. Abin da ya rage sai haidirojin, ruwan nan na wanke ciwo da ake sayarwa a kemis. Ki duba kwalbar: in 3% ce a yi amfani da ita haka, in 6% ce a sirka da ruwa rabi da rabi. Ki gwada a ɓoyayyen wuri tukuna, in launin kafet bai motsa ba ki shafa a tabon ki bar shi kamar awa ɗaya.

Matakin da mutane ke tsallakewa shi ne na ƙarshe, kuma shi ke hana dawowa. Ki ninka busasshen tawul ko tsohon farin zani hawa huɗu ko biyar, ki ɗora a wurin, ki aza masa abu mai nauyi, turmi ko jarkar ruwa, ya kwana. Duk abin da lagwanin nan zai jawo daga ƙasa sai ya wuce cikin tawul maimakon ya tsaya a gashi. Da safe ki ɗauke ki kunna fanka.

Manja ba ya jin ruwa, kin sani. Ki kankare abin da ya daskare da bayan cokali, ki barbaɗa garin sitaci ya rufe wurin, ya wuni yana tsotsa, ki share. Sai ƙaramin cokali ɗaya na sabulun wanke-wanke na ruwa a lita ɗaya ta ruwan ɗumi, a danna, a ɗauraye, a danna. In ya yi taurin kai, ki jiƙa tsumma da sifirit ki riƙa dangwalawa, kada ki tsiyaya shi kai tsaye, don yana sassauta gam ɗin bayan kafet. Akwai masu cewa a sa kananzir ko fetur. Kada ki yarda, a ɗakin da ke da wayoyin wuta ta ko'ina, ga kuma warin da zai yi wata bai tafi ba. Ɗan rawayan da manja ke bari rana ce maganinsa, tana kashe shi a hankali, sai dai kafet ɗin da ke manne a ɗaki ba ya ganin rana.

Fitsari shi ne mai wahala, kuma shi ke da rabin alhakin warin da kike ji da damina. In ya bushe yana barin gishiri-gishiri a cikin soso da saman siminti. Da rani yana kwance shiru. Da iska ta ɗauki laima a watan Yuli da Agusta sai ya jiƙa, zarni ya tashi kamar jiya aka yi. Ba a gama da shi daga sama. Tunda a kusurwa yake, a ɗaga kafet ɗin, a yanke soson wurin a yar, a wanke simintin, a wanke kafet ɗin gaba da baya da ruwa mai yawa da finigar nan, a jingine shi a kan kujera fanka na kaɗa shi har ya bushe ƙayau, sannan a sa sabon guntun soso. Wannan ya kuma dace da maganar tsarki in yaran na salla a ɗakin, tunda abin da muka taso muka ji daga malamai shi ne ruwa ke kawar da najasa, ba ƙamshin sabulu ko turaren wuta ba. Gargaɗi ɗaya da ba na wasa da shi: kada a zuba Hypo a kan fitsari, kada kuma a haɗa shi da finiga. Duka biyun suna tayar da iska mai guba da ke shaƙe numfashi, balle a gareji mai taga ɗaya.

Baƙin gindin bango

Yanzu ga ainihin maganar. Ki sa yara su ɗaga kafet ɗin daga wannan bangon su naɗe shi baya kamar taku biyu. Ki duba abu uku da idonki da hancinki. Bayan kafet ɗin, ya yi ɗigo-ɗigon baƙi ko kore, yana warin tsohuwar rijiya? Simintin wurin, ya fi na tsakiyar ɗaki duhu? Gindin bangon, fenti na kumbura yana ɓarewa, ko akwai farin gari kamar gishiri a jikin filasta? In amsar e ce, fumfuna ce, kuma danshi ke ciyar da ita.

Akwai wani baƙin da ba na danshi ba, don kada in tsorata ki a banza. Wani lokaci iska na bi ta tsagar da ke tsakanin bango da daɓe, gefen kafet ya zama mata rariya, ƙurar hunturu da hayaƙin janareta su taru su yi siririn layi baƙi. Shi wannan a bushe yake, ba ya wari, kuma faɗinsa bai wuce yatsa biyu ba. Amma naki da ke wari da damina, kuma a bangon waje kaɗai, bai yi kama da shi ba.

Gwajin da zai raba gardama ba ya cin ko sisi. Ki yanko farar leda mai kauri, faɗi da tsawo kamar santimita 45, ki shimfiɗa a kan tsiraicin simintin, ki manne gefenta huɗu da salatif yadda iska ba za ta shiga ba. Ki yi ɗaya kusa da bangon, ɗaya a tsakiyar ɗaki. Ƙa'idar gwajin awa 16 ce aƙalla, ni dai kwana biyu nake bari. In kin ɗaga kin ga raɓa a cikin ledar, ko simintin ƙarƙashinta ya yi duhu, ruwa na tasowa daga ƙasa. Sai dai a yi shi da damina, a Agusta ko Satumba da ruwan sama ya fi ƙarfi a Kaduna ƙasa ta ƙoshi. Daɓen da ya ci wannan jarrabawa a watan Fabrairu bai ci komai ba.

Me ya sa gareji ya fi fama da wannan? Domin ba don mutum aka gina shi ba. Sau da yawa daɓensa ya fi na cikin gida ƙasa, ba a shimfiɗa leda a ƙarƙashin kankarensa ba, kuma ya kusa yin daidai da hanyar motar da ke waje. Da aka zo toshe ƙofa, birkila ya jera bulo a kan tsohon daɓen kawai ya yi filasta. Ruwan da ke zubowa daga kwano yana dukan gindin wannan sabon bangon, ya bi ta ƙarƙashin bulo ya shigo. Da can mota ce a ciki, ƙofa a buɗe, iska na busar da shi ba wanda ya lura. Yanzu an rufe shi da soso da kafet, danshin ya rasa hanyar fita. Ki kuma duba ko bayan bangon akwai famfo, ko tiyon na'urar sanyaya ɗaki na ɗiga a wurin, ko an yi intalok a tsakar gida bayan ginin har ƙasan waje ya fi na ciki tudu. Wannan na ƙarshen ya yi yawa a gidajen da aka yi wa kwaskwarima.

Ni kaina na taɓa cin kwakwa a kan wannan. Wani gida ne a wajen Barnawa, irin naku sak, gareji aka mayar falo. A watan Janairu na je, daɓe a bushe ƙamas, maigidan na sauri saboda biki, ni kuma na yi ganganci ban tambayi yadda wurin ke yi da damina ba. Muka shimfiɗa katakon leminet, ya yi kyau kamar ka lasa. Ƙarshen Agusta ya kira ni. Da na shiga, bakin kowane katako ya kumbura ya tashi kamar burodin da ya sha shayi, in ka taka sai ka ji ruwa na cewa caɓal a ƙasa. Da muka zagaya baya, ashe indararon makwabci ne ke zuba a gindin bangon. Rabin kuɗin gyaran daga aljihuna ya fita, kuma tun daga ranar ba na shimfiɗa komai a ɗakin ƙasa sai na zagaya bayansa tukuna.

To ga hukuncina. In leda ta fito a bushe, bayan kafet kuma fes, ke ce da gaskiya: a wanke kamar yadda na faɗa, a samu masu injin da ke fesa ruwa ya zuƙe su bi ɗakin gaba ɗaya, a tabbatar ya bushe cikin kwana ɗaya zuwa biyu, don bayan haka fumfuna ke fara kamawa. In kuwa akwai fumfuna a baya da cikin soso, Alhaji ne da gaskiya. Ba ta wankuwa daga soso, kuma yara na kwanciya rub da ciki a wurin suna gem, hancinsu a kan kafet. In akwai mai asma ko yawan atishawa a cikinsu, a hana shi shiga har a gama, masu yayewa kuma su sa takunkumi, su naɗe shi a hankali kada su kakkaɓe a ciki.

Amma ba duka za a yar ba, kuma nan ne kuɗinki zai dawo. Tsakiyar kafet ɗin, in bayansa lafiya lau ne, a yanko babban yanki mai kyau, a kai gidan wankin mota su wanke shi da injin matsi, ya sha rana kwana biyu, rawayan manjan ma ya tafi. Sai masu ɗinkin kushin su yi masa baki. Kin samu darduma ba ki sayi sabuwa ba.

Abin da za a shimfiɗa

Ɗakin da samari ke cin indomi, suna shan zoɓo, suna ihu in an ci ƙwallo, ni tayil nake ba shawara, da darduma a sama wadda mutum biyu za su iya naɗewa su fitar. Kafet na bango zuwa bango ya dace da ɗakin da ake cire takalmi a shiga da natsuwa, ba wannan ba.

Sauran zaɓin zan bi su da sauri. Ledar ɗaki ta fi komai araha, amma tana kulle danshi a ƙarƙashinta, ƙafar kujera kuma na yaga ta. Ta ɗan haya ce mai shirin tashi. Leminet kin ji labarinsa. Akwai sabon shigowa mai kama da katako da ake kira SPC, garin dutse ne da roba, ruwa ba ya kumbura shi, kuma ya fi tayil daɗin takawa. Aibinsa a ɗakinku shi ne ba a manne shi da ƙasa, sarƙe shi ake yi ya zauna sakayau don ya samu wurin motsi in zafi ya sauya, teburin sinuka kuwa zai danne shi ya hana shi, bakin haɗin ya riƙa buɗewa. Yana kuma son daɓe mai laushi sumul, wanda gareji ba ya da shi. Fentin ifoksi yana kumbura ya yi ƙuraje a kan daɓe mai danshi. Tarazo, irin na tsofaffin gidajen gwamnati da makarantun garin nan, ya fi su duka ƙarko, in da za ki samu gwanin da ya iya shi kuma ki jure caɓalin gurzawa.

A tayil ɗin ma akwai zaɓi. Ki nemi fosilin, ba siramik ba. Fosilin ruwan da yake sha bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa ba, kuma ya fi tauri. A shago ba sai kin dogara da bakin mai sayarwa ba: a juya tayil ɗin, a ɗiga ruwa a bayansa. In ya shanye nan da nan siramik ne, in ya tsaya yana ƙyalli fosilin ne. Kada a sayi mai sheƙi kamar madubi, ruwa kaɗan ya zuba yaro ya sha ƙasa. Mai ɗan kaushi ake so. Launi kuma, fari na tona jar ƙasa, baƙi na tona ƙurar hunturu, toka-toka ko ruwan ƙasa shi ke rufa asiri. Ba dole sai na Sifen ko Italiya ba. Akwai wanda ake yi a nan gida, a Ajakuta ta jihar Kogi da kuma jihar Ogun, kuma mai kyansa ya ishi ɗakin wasa. Farashi dai yana bin dala, sai a taka shago biyu ko uku a ji na ranar.

Lissafin kuwa ga shi. Ƙafa 14 da 20 ya kama murabba'in mita 26. A ƙara kashi goma cikin ɗari saboda yanka da fashewa, ya zama kusan 29. Tayil mai santimita 60 da 60 guda huɗu ne a kwali, wato mita 1.44, don haka kwali 20 kuke buƙata, ban da na siketin da za a zagaye gindin bango da shi. A saya gaba ɗaya rana ɗaya, a duba lambar da ke jikin kwalayen ta zama iri ɗaya, domin tayil mai suna ɗaya na iya bambanta launi in ba tare aka gasa su ba. Abin da ya ragu a adana shi a sito.

Yadda aikin zai bi

Daga waje ake farawa. A gyara inda ruwan kwano ke zuba, a yi wa gindin bangon dakalin siminti mai gangara zuwa waje, a buɗe wa ruwa hanya zuwa kwata. In ƙasan waje ya fi na ciki tudu, a rage shi a gefen bangon. A sassaƙe filastar da ta ruɓe a ciki a sake ta da maganin hana ruwa.

A ciki, bayan an yaye kafet, a kankare tsohon gam, a kuma duba inda mota ta riƙa ɗigar da baƙin mai, don siminti ba ya kama wurin. In gwajin leda ya nuna danshi, a shimfiɗa baƙar leda mai kauri ta magina a ɗakin duka, bakin kowace ya hau kan 'yar'uwarta da kamar tafin hannu biyu, a tayar da ita jikin bango kaɗan, sannan a zuba sabon daɓe a kai. Kaurinsa kada ya gaza santimita 5, siminti kashi ɗaya yashi mai kaushi kashi huɗu, a daidaita gangarar garejin da shi. In za a kai wuta tsakiyar ɗaki ko bayan talabijin, yanzu ne za a binne fayif, ba bayan an gama a zo ana jan waya a kan tayil yara na tuntuɓe ba. A yi masa ban ruwa mako guda, a ba shi aƙalla mako uku kafin a ɗora tayil. Nuwamba ya fi dacewa da wannan aikin, ruwa ya ɗauke, sai dai iskar hunturu na busar da sabon daɓe da gaggawa ya tsattsage, don haka a rufe shi da leda ko jiƙaƙƙen buhu, a kulle taga.

Wurin mai tayil sai an sa ido, kuma gara Alhaji ya tsaya da kansa. Fosilin tunda ba ya shan ruwa, kunun siminti zalla bai cika riƙe shi ba, gam ɗin tayil na buhu ake sa masa. Wasu don sauri sai su ɗora dunƙule biyar a bayan tayil su manna, tsakiyar ta zauna holoƙo. A ɗaki irin wannan hakan asara ce. Teburin sinuka mai dutse a ciki kan haura kilo 250, nauyin kuma a kan ƙafa huɗu ko shida kawai yake, ƙwallonsa ga tauri ga nauyi, kuma kin san sau nawa take tsallake tebur a rana. Duk tayil ɗin da ke da rami a ƙasa, ranar da ƙwallo ta same shi ya tafi. A shafe ƙasan duka da gam. A bar tsaga milimita 2 zuwa 3 tsakanin tayil da tayil da 'yan robobin nan masu kama da giciye, a kuma bar 'yar tazara a gindin bango wadda siketin zai rufe. Tayil ɗin da aka matse ba tsaga shi ne kike jin labarin ya yi ƙara cikin dare da sanyi ya tashi ya yi tozo. Abin cike tsagar kuma a sa mai duhu, farin siminti wata guda zai yi ya koma ja. Kafin a biya cikon kuɗin aiki, ki ba yaro mukulli ya bi tayil ɗaya-ɗaya yana ƙwanƙwasawa. Wanda ya yi amon ganga a cire a sake.

Duk wannan daga bayaninki nake magana, ido bai gani ba. In da aka yaye kafet aka ga daɓen ya tsage har yatsa na shiga, ko wani gefe ya zauna, ko tsagar ta hau bango, wannan ya wuce mai tayil, injiniyan gini za a kira ya duba kafin a zuba ko buhu ɗaya.

Ɗakin zai ƙara amo bayan an sa tayil, ihun gem zai riƙa isowa har ɗakinki. Dardumar nan da kika ceto, da labule mai kauri, da kujerun kushin za su shanye mafi yawansa. A shimfiɗa ta ƙarƙashin tebur yadda za ta fito ta kowane gefe inda ƙwallo ke faɗowa, ko kuma a yanka ta biyu, ɗaya gaban talabijin ɗaya gefen tebur, don a iya fitar da su shanya ba sai an ɗaga teburin ba. Ni na fi son na biyun. Teburin kuma kada samari su ce za su ja shi da ƙarfin tuwo. A kira wanda ya haɗa shi ya kwance, ya mayar bayan tayil ya yi kwana uku, a sa guntun roba mai kauri ƙarƙashin kowace ƙafa, ya sake daidaita shi har ƙwallo ta tsaya cak inda aka ajiye ta. Sai ƙofa: sabon daɓe da tayil za su ɗaga ƙasan da kamar santimita 6 zuwa 7, in ta ƙarfe ce mai buɗewa ciki ba za ta buɗu ba. A kira mai walda daga Panteka ya auna ya rage ta tun kafin ranar zuba daɓen.